Wane yaren kwamfuta ya fi, kuma me ya sa manyan kamfanoni ba sa barin tsofaffin?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kaduna, muna rubuta wa makarantu da asibitoci manhajar karɓar kuɗi. Da PHP muka tarar an rubuta komai, ni kuma Java na koya a makaranta. Yanzu ofishinmu ya rabu biyu. Wasu na cewa PHP ya mutu, a rushe a sake rubutawa da Go. Wani abokin aikinmu kuma ba shi da zance sai Rust, yana cewa har gwamnatin Amurka ta ce a koma can. Don Allah, da gaske akwai yaren da ya fi saura? In akwai, me ya sa bankuna da manyan kamfanoni suke manne da Java da C#? Ni kuma wanne zan riƙe don kada a bar ni a baya?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tambayoyi uku ka haɗa: ko akwai yaren da ya fi, me ya sa kamfanoni ke zaɓar abin da suke zaɓa, sannan kai ina za ka dosa. Ta tsakiyar ce babba, in ta warware sauran biyun ba su da wuya.

Injiniya da kamfani ba tambaya ɗaya suke yi ba. Injiniya yana tambayar wane yare ne ya fi daɗin rubutu, ya fi sauri, ya fi tsafta. Kamfani kuwa tambayarsa ita ce: wannan abin da za a rubuta yau, wa zai gyara shi nan da shekara goma, bayan wanda ya rubuta ya samu aiki a wani wuri ya tafi? Mai motocin haya ba ya sayen mota don ta fi kyau a hoto, sai ya fara tambaya ko akwai bakaniken da ya san ta, da ko za a samu kayan gyaranta a Panteka. Mafi yawan musun da kuke yi a ofis, kowane ɓangare yana amsa tambayar da ɗayan bai yi ba ne.

Yare ba ya yaɗuwa sai da uban gida

Ka ɗauki Java da C# da ka ambata. Kamfanin Sun Microsystems ne ya fitar da Java a 1995, da alƙawarin cewa ka rubuta sau ɗaya, ya yi aiki a kan kowace irin kwamfuta. Microsoft ya karɓi lasisin Java, sai ya yi masa gyare-gyaren da ba sa aiki sai a Windows. Sun ya kai ƙara a 1997, aka sasanta a 2001 bayan Microsoft ya biya dala miliyan 20. Kafin ma a gama wannan shari'a, Microsoft ya sa Anders Hejlsberg ya tsara masa nasa yaren, wato C#, aka sanar da shi a 2000, ya fito tare da .NET a 2002. Duk wanda ya iya ɗaya daga cikin biyun, in ya kalli ɗayan zai ga kamar 'yan uwa ne. Gabar da injiniyoyi suka shafe shekaru suna yi a kansu, a kotu da ɗakin taron manyan kamfanoni ta faro, daga baya ta sauko kan masu rubuta kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi.

Yadda kamfanoni suka rabu a kansu ma ba a kan kyawun yare ba ne. Wanda ya riga ya cika ofishinsa da sabar Windows (saba ita ce kwamfutar da ke amsa buƙatun sauran kwamfutoci) da rumbun bayanai na Microsoft, ya bi C#. Wanda yake hulɗa da IBM ko Oracle, ya bi Java. Bankuna, har da namu na nan gida, ba sa zama su rubuta babbar manhajar da ke riƙe da asusun jama'a. Saye suke yi, irin su Finacle na kamfanin Infosys da Flexcube na Oracle, sannan su ɗauki injiniyoyi su gina ƙananan abubuwa a kewaye. Shi ya sa in ka duba tallar neman ma'aikata ta banki, Java da C# za ka fi gani. Abin da ya dace da kayan da suka riga suka kashe wa kuɗi suke nema.

Labarin ya sake maimaita kansa a wayar hannu. Oracle ya sayi Sun a 2010, a shekarar kuma ya maka Google a kotu kan yadda aka yi amfani da Java a Android. Shari'ar ba ta ƙare ba sai a Afrilun 2021, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya. Ana cikin wannan dambarwa, a 2017 Google ya sanar da cewa ya rungumi Kotlin, yaren kamfanin JetBrains, a 2019 kuma ya ce Kotlin ne kan gaba a Android. Kotlin yare ne mai kyau, ba na musu, ya rage surutun da ke cikin Java sosai. Amma tun 2011 aka san da shi, kuma ba kowa ya damu da shi ba sai ranar da mai Android ya nuna shi da yatsa. Haka Apple ya yi da Swift a 2014: ya ce ga sabon yaren iPhone, masu Objective-C suka yi guna-guninsu suka bi.

JavaScript ya fi kowa nuna wannan. Brendan Eich ya tsara shi cikin kwana goma a 1995 a kamfanin Netscape, kuma har yau injiniyoyi na yi masa ba'a saboda wasu halayensa marasa kan gado. Duk da haka ya fi kowane yare yawan masu amfani, don shi ne yaren da kowace burauza ke ji. Python ma ba saurinsa ya kai shi inda yake ba, domin yana cikin masu nawa. Kayan aikin ƙirƙirarriyar basira ne suka taru a kansa, irin su TensorFlow na Google a 2015 da PyTorch na Facebook a 2016, alhali aikin mai nauyi a ƙarƙashinsu da C++ aka rubuta.

In kana son ganin cewa nagarta kaɗai ba ta isa ba, duba Erlang. A ɗakin binciken kamfanin Ericsson na Suwidin aka ƙirƙire shi daga 1986, don na'urorin tarho da bai kamata su tsaya ko na minti ɗaya ba, kuma ya yi aikin. Amma a 1998 wani babban sashe na Ericsson ɗin da kansa ya hana amfani da shi a sababbin ayyuka, don shugabanni ba sa son dogaro da yaren da ba wanda ke ɗauke da nauyinsa sai su. A shekarar aka sake shi kyauta ga duniya. Da wannan yaren WhatsApp ya gina sabarsa, kuma lokacin da Facebook ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 19, ma'aikata hamsin da 'yan kai ne ke ɗauke da mutum miliyan 450. Da nagarta ce ke yanke hukunci, da kowa ya koma Erlang washegari. Ba a koma ba, don mai ɗaukar ma'aikata ya san wahalar samun wanda ya iya shi.

Yaushe kamfani ke canza yare da gaske?

Suna canzawa, amma ba yadda ake ba da labarin ba. Wanda aka fi kafa hujja da shi shi ne Twitter. Da Ruby on Rails aka fara shi, wato kayan gina shafukan intanet da yaren Ruby, da jama'a suka yi yawa sai ya riƙa faɗuwa, har hoton kifin nan da ke fitowa in shafin ya gaza ya zama abin dariya. Tsakanin 2009 da 2011 suka riƙa kwashe sassa masu nauyi zuwa Scala da Java. Nan take aka yi ta shelar cewa Ruby ya mutu. To ga GitHub da Shopify nan, har gobe a kan Rails suke, kuma Shopify, maimakon ya gudu, sai ya ɗauki injiniyoyi suka ƙara wa Ruby ɗin kansa sauri.

Facebook ya fi kusa da halin da kuke ciki, don da PHP aka rubuta shi. Da ya girma, kuɗin saba ya yi yawa, amma ba su ce a rushe ba. A 2010 suka fitar da HipHop, mai juya PHP zuwa C++, daga baya suka gina HHVM, a 2014 kuma suka fito da Hack, wanda PHP ne aka yi wa kwaskwarima. Kamfanin da ke da kuɗin ɗaukar kowane injiniya a duniya ya ga cewa gina sabon inji a ƙarƙashin tsohon kod ya fi masa sauƙi a kan sake rubuta kod ɗin. Dropbox kuwa da Python ya fara, har ya ɗauki Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, aiki daga 2013 zuwa 2019. Duk da haka ya mayar da wasu sassan sabarsa Go, a 2020 kuma ya sanar da cewa ya sake rubuta injin daidaita fayiloli da Rust. Kamfani ɗaya, yare uku, kowanne da wurinsa.

Wanda na fi son in nuna wa matasan injiniyoyi shi ne na Discord, wata manhajar hira, saboda ana ganin dalilin ƙarara. Suna da wata ƙaramar saba da aikinta kawai ta tuna wane saƙo ka karanta, wanne ba ka karanta ba. Da Go aka rubuta ta. Go, kamar Java da C# da PHP, yana da wani sashe da ke zagayawa lokaci-lokaci yana kwashe bayanan da aka gama amfani da su daga memori, wato inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai. Injiniyoyin suka lura cewa kusan duk minti biyu sabar tana ɗan sandarewa, amsa ta yi jinkiri, sannan ta dawo daidai. Da suka bincika, sai suka ga Go yana tilasta wannan shara aƙalla sau ɗaya a minti biyu ko da babu datti, kuma duk lokacin da ya tashi sai ya bi ta kan miliyoyin bayanan da suka ajiye a memori yana duba su. Suka yi ta gyara saiti, abin bai tafi ba. Suka rage yawan abin da ake ajiyewa, sandarewar ta ragu amma sauran aikin ya ƙara nawa. Sai bayan nan suka sake rubuta wannan sabar guda ɗaya da Rust, wanda ba shi da mai shara, matsalar ta ɓace. Sun ba da wannan labari a 2020, kuma tun daga lokacin ake yawo da shi ana cewa Discord ya bar Go don Rust ya fi. Abin da ba a faɗa shi ne: sun auna, sun gano ainihin ciwon, sun gwada magani mai araha tukuna, kuma saba ɗaya suka taɓa. Babban sashen hirar Discord da Elixir yake gudana, wanda a kan injin Erlang aka gina shi.

Akwai kuma na kwanan nan da ya ba mutane da yawa haushi. A Maris na 2025 Microsoft ya sanar da cewa zai mayar da tafintan TypeScript, wato manhajar da ke juya kod ɗin yaren TypeScript zuwa JavaScript, ya koma Go, don ya samu saurin da ya kai kusan ninki goma. Wanda ya yi sanarwar shi ne Hejlsberg ɗin nan da ya tsara C#. Masoya C# suka ce an ci amanarsu, masoya Rust suka ce an yi asarar dama. Dalilin da tawagar ta bayar bai da wani armashi: ba sabon tafinta suke son rubutawa ba, tsohon suke son kwafewa layi-layi don halinsa kada ya canza, kuma fasalin kod ɗinsu ya fi kama da yadda ake rubuta Go. Da Rust suka ɗauka, da sai sun sake tsara yadda bayanai ke nuna juna tun daga tushe. Mutumin da ya haifi C# ya ɗauki yaren abokin hamayya, wato Google, don shi ya fi dacewa da aikin da ke gabansa.

Rushe komai a sake, shi ne abin da tarihi ya fi hukuntawa. Netscape ya yanke shawarar watsar da tsohon kod ɗin burauzarsa a 1998, sabuwar ba ta fito ba sai ƙarshen 2000, kafin nan Internet Explorer ya cinye kasuwa. Ko cikin yare ɗaya ma ƙaura ba wasa ba ce: Python 3 ya fito a 2008, amma sai 1 ga Janairun 2020 aka iya rufe Python 2, don kamfanoni sun ƙi motsi. Yaren COBOL kuwa tun 1959 yake, kuma a Afrilun 2020, da annobar korona ta sa masu neman tallafin rashin aiki suka yi yawa, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito fili yana neman waɗanda suka iya shi, don da shi aka rubuta manhajar biyan tallafin. An ce tsohuwar zuma da ita ake magani, amma a nan ba don ta fi zaƙi ba ne, don ba wanda ke da ƙarfin halin taɓa ta ne.

Maganar Rust da gwamnatin Amurka

Abokin aikinka yana da rabin gaskiya, kuma rabin nasa mai nauyi ne. A C da C++, mai rubutu ne da kansa yake karɓar wuri a memori, shi ne kuma yake mayarwa in ya gama. In ya mayar da wuri sannan ya manta ya ci gaba da amfani da shi, ko ya zuba bayani fiye da girman wurin, to ya buɗe wa masu kutse ƙofa. A 2019 Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na matsalolin tsaron da yake toshewa a kayansa irin wannan ne, masu Chrome ma suka ba da adadi kusan haka. Rust yana hana irin waɗannan kurakurai, wasunsu ma tun kafin manhajar ta fara aiki yake kama su, kuma ba ya rage sauri. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa. A Fabrairun 2024 wani ofishin Fadar White House mai kula da tsaron intanet ya fitar da rahoto yana kiran masana'antar ta koma yarukan da ke kare memori.

Sauran rabin shi ne, kiran ga masu C da C++ aka yi shi. Jerin yarukan da hukumar tsaron NSA ta kira amintattu a 2022 ya haɗa da Java da C# da Go da Ruby da Swift, ba Rust kaɗai ba. PHP ma shi yake kula da memorinsa. Ku da kuke rubuta manhajar kuɗin makaranta, ba ku da ciwon da Rust ya zo warkarwa. Ƙofofin da ake shigo muku ta nan daban suke: bayanin da mai amfani ya rubuta a tura shi rumbu ba tacewa, kalmar sirri a ajiye ta a fili, ma'aikacin da ya bar aiki a manta ba a rufe asusunsa ba. Babu yaren da zai hana waɗannan.

Ka kuma duba yadda Google ya yi a Android. Ya ce matsalolin memori sun sauko daga kashi 76 cikin 100 na matsalolin tsaron Android a 2019 zuwa kashi 24 a 2024. Ba sake rubuta tsohon kod ya yi ba. Sabon abin da za a rubuta ne ya riƙa yi da Rust da Kotlin, don bincikensa ya nuna yawancin kurakurai a sabon kod suke, tsoho ya riga ya sha gyara.

Inda rigimar ta fi zafi shi ne Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kuma nan ne za ka ga ainihin abin da ake faɗa a kai. An fara shigar da Rust cikin zuciyar Linux a fitowa ta 6.1, a Disambar 2022. A Agustan 2024 Wedson Almeida Filho, ɗaya daga jagororin aikin, ya ajiye, yana cewa ya gaji da ja-in-jar da ba ta da alaƙa da fasaha. A farkon 2025 aka sake kwasar wata, bayan Christoph Hellwig, wanda ya daɗe yana kula da wani sashe, ya ƙi amincewa da kod ɗin Rust da ya jingina da sashensa, har Hector Martin, wanda ke goyon bayan Rust, ya sauka daga nasa matsayin. Yana da sauƙi a ce tsofaffi ne ke ƙin sabon abu, amma ni ban ga haka ba. Hujjarsu ita ce: in na canza wani abu a sashena na C, kod ɗin Rust da ya dogara da shi ya karye, wa zai gyara? Ni da ban iya yaren ba, ko ku da wataƙila nan da shekara biyar kun tafi? Tambayar kamfani ce dai ta sake dawowa, a bakin mutanen da ba kamfani ba. Su kansu manyan kamfanoni sai da suka nemi irin wannan tabbaci: bayan Mozilla, inda Rust ya girma, ya sallami ma'aikata kusan 250 a Agustan 2020, sai aka kafa Gidauniyar Rust a Fabrairun 2021 da hannun Amazon da Google da Huawei da Microsoft da Mozilla, don yaren kada ya zama maraya.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa a taron ofis ba. Wanda ya kashe shekaru yana ƙwarewa a yare, in aka ce yaren ya mutu, abincinsa aka taɓa. Wanda kuma ke matsa wa a koma sabon yare, wani lokaci so yake ya koya da kuɗin kamfani ya ƙara a takardar neman aikinsa. Ba laifi ba ne mutum ya so ci gabansa, amma mai kamfani ya kamata ya gane wace murya ce ke magana. A binciken da Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta kod, ke yi duk shekara, Rust ya riƙa zuwa na ɗaya a yaren da masu amfani da shi suka fi ƙauna tun daga 2016, amma a yawan masu aiki da shi JavaScript da Python sun yi masa nisa.

Ofishinku

PHP bai mutu ba. WordPress, manhajar gina shafukan intanet, shi kaɗai yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet, kuma da PHP aka rubuta shi. PHP 7 da ya fito a 2015 ya kusan ninka saurin na baya, PHP 8 ya biyo a 2020, ga kuma Laravel, kayan aikin da aka gina a kan PHP, da ya gyara yadda ake tsara aiki. In a kan tsohon PHP 5 kuke, matsalarku ta rashin sabuntawa ce, kuma maganinta ya fi sake rubutu araha nesa ba kusa ba.

An taɓa kirana in duba wata manhaja irin taku a wani kamfani, inda aka riga aka yanke cewa yaren ne ke sa ta nawa, har an fara lissafin watannin da sake rubutu zai ci. Na ce a bari mu auna tukuna. Muka kunna rajistar da ke nuna duk tambayar da manhajar ke aika wa rumbun bayanai, muka buɗe shafin rahoton wata, wanda shi aka fi kuka da shi. Sai ga tambaya iri ɗaya tana ta zubowa a allo ba iyaka. Kod ɗin yana ɗauko jerin masu biya, sannan ga kowane mutum ɗaya sai ya koma rumbu ya tambayo sunansa, ya sake komawa ya tambayo bashinsa. Teburin biyan kuɗin kuma ba a yi masa fihirisa, wato jerin da ke saukaka nemo bayani, a kan lambar mai biya ba, don haka kowace tambaya sai ta karance teburin daga sama har ƙasa. Aka haɗe tambayoyin suka zama ɗaya, aka sa fihirisa, shafin da ake buɗewa a tafi shan shayi ya koma buɗewa nan take. Da an sake rubuta shi da Go a kan wannan tsari, da an samu manhajar Go mai nawa. A irin aikinku, mafi yawan lokacin a jiran rumbun bayanai da jiran amsar banki yake tafiya, ba a lissafin yaren ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a shawarar rushewa shi ne abin da ke ɓoye a tsohon kod. Manhajar kuɗi da ta yi shekaru tana aiki cike take da ƙa'idojin da ba a rubuta a ko'ina ba sai a cikinta: rangwamen da wata makaranta ke yi wa ɗa na uku, yadda ake yi in uba ya biya rabi, abin da ke faruwa in sanarwar banki ta iso sau biyu a kan biya ɗaya. Kowane layi mai kama da shirme da ka gani, wata rana wani ya kira ofis a fusace ne aka sa shi. Masu sake rubutu za su share su don tsafta, sannan su sake gano su ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin jama'a a tsakiya. A duk tsawon lokacin kuma ba ku ƙara wa abokan cinikinku komai ba.

Wannan ba ya nufin Go ba shi da wuri a wajenku. An tsara shi a Google, ya fito fili a 2009, don ayyukan saba masu karɓar buƙatu da yawa a lokaci guda, kuma da shi aka rubuta Docker da Kubernetes. Ba ya cin memori da yawa, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke biyan hayar saba da dala. In kun auna kun ga cewa a makon komawa makaranta sashen karɓar sanarwar biya ko na tura saƙon tes yana shaƙewa, ku cire wannan sashen kaɗai ku rubuta shi da Go, ya riƙa magana da sauran. Amma kafin nan mai kamfani ya amsa wannan: in masu son Go ɗin biyu suka samu aikin waje suka tafi, mutum nawa zai iya samu a Kaduna su riƙe, kuma a kan wane albashi? In mutum ɗaya ne kawai ya iya yaren a ofis, ban ba da shawarar a sa shi a hanyar kuɗi ba.

Kai kuma, kada ka saki Java. Aikinsa na nan a bankuna da kamfanonin sadarwa da na biyan kuɗi, daga shi zuwa Kotlin ko C# taki ɗaya ne, Go ma wanda ya iya Java ba ya daɗewa bai kama shi ba. Abu ɗaya ka kiyaye in za ka kai Java wurin aiki: tun Janairun 2023 Oracle yake lissafin kuɗin lasisin nasa Java da yawan ma'aikatan kamfani gaba ɗaya, don haka ku yi amfani da na kyauta da aka gina daga OpenJDK, irin su Temurin ko Corretto. PHP ɗin da ake biyanka albashi a kansa, ka iya shi sosai, kada ka riƙa yi masa kallon raini. Sauran lokacinka ka zuba shi a abubuwan da ba sa canzawa in an canza yare: SQL (yaren yi wa rumbun bayanai tambaya) da yadda fihirisa ke aiki, Git (mai adana tarihin canje-canjen kod), Linux, rubuta gwaji, da karanta kod ɗin wani har ka gane dalilinsa. A hirar ɗaukar aiki da na zauna, waɗannan ne ke raba masu nema, ba yawan yarukan da aka jera a takarda ba. In kuma zuciyarka na son Rust, koye shi, zai gyara maka tunani a kan memori ko da ba ka taɓa samun aikinsa ba.

Duk abin da na faɗa daga ɓangaren saba da manhajar kasuwanci na faɗe shi, don nan na yi aiki. Mai rubuta wa ƙananan na'urori kod, ko mai gina wasannin kwamfuta, lissafinsa daban ne, kuma a can zaɓi tsakanin C++ da Rust magana ce ta gaske. Sannan ban ga kod ɗinku ba. Yana yiwuwa ya lalace har gyaransa ya fi sabo tsada, hakan na faruwa. Amma ko a haka, sashe-sashe ake maye gurbinsa, tsohon na aiki ana gina sabon a gefe. Kafin taronku na gaba, ka nemi izini ka kunna rajistar tambayoyi masu nawa a rumbun bayananku na mako guda, ka fitar da shafuka biyar da suka fi jinkiri da abin da ke cinye lokacin a kowanne, ka kai wa mai kamfani a takarda ɗaya.